Takardar Ƙaurar Doreen

Direban ya jawo jan akwatin daga bayan bas ya dire shi a bakin titin Fadan Kagoma, ya ɗaga shi da yatsa biyu yana dariya.

"Madam, iska kika ɗauko daga Kafanchan?"

Dakta Irene ta miƙa hannu ta karɓa. Akwatin ba nata ba ne, na ɗalibarta Doreen ne, kuma tun daga Guangzhou take jan sa kamar mai rakiyar gawa. Ɗalibai goma sha biyar na sashen tsara birane jami'arsu ta tura China, tafiyar kwana goma sha huɗu, su ga yadda mutanen can suka gina garuruwansu. Jiya da rana jirgi ya sauke sha huɗu a Abuja.

Ranar kwana na tara abin ya faru. Sun riga sun ga dogayen benayen Shanghai, sun je Xi'an sun tsaya a kan sojojin nan na yumɓu da aka tono daga ƙasa, sun sha dariyar juna wajen cin shinkafa da tsinke. A Guangzhou, cikin wata kasuwa mai hawa bakwai, Doreen ta matso kusa da ita ta ce, "Anti, ba ni fasfona, ba za su sayar mini da layin waya ba sai da shi." Dokar tafiyar kuwa guda ce, kuma Irene ce ta rubuta ta da hannunta: fasfon kowane ɗalibi yana jakar malama. Da wani ne ya tambaya, da harara kaɗai ta ishe shi. Amma Doreen ce, 'yar Lai'atu, yarinyar da Irene ta goya ranar suna. Ta zuge jaka ta miƙa mata. Yarinya ta hau matattakala mai tafiya da kanta, ta waigo ta ɗaga hannu, shi ke nan.

Abokin aikinta ya wuce Beijing da sauran ɗaliban. Ita kuwa, da tun tana firamare take kallon hoton Babbar Ganuwa a littafi tana cewa wata rana sai ta taka ta, ta ƙare sauran kwanakin a ofisoshin 'yan sanda da asibitoci, tana nuna hoton Doreen ga mutanen da ba sa jin ta, ba ta jin su. Sau biyu aka buɗe mata firjin gawa. Ta yi azumi har siket ɗinta ya fara juyawa a ƙugu.

Jibi Litinin kwamitin bincike zai zauna a kanta. Farfesa Zubair, shugaban tsangayarsu, bai ɓoye mata komai ba. Doreen ba ta cikin waɗanda makinsu ya kai, Irene ce ta roƙa aka sa ta, ta kuma sa hannu cewa ta tsaya mata. Garinsu ɗaya, fasfo kuma ita ta ba ta. Wa zai yarda ba haɗin baki ba ne? Sai fa idan an sami shaidar cewa wasu ne suka shirya abin a bayan idonta. In ba haka ba, aikin shekara goma sha tara ya tafi. Duk da haka ba aikin ne ya hana ta cin abinci ba. Abin da ta roƙi Farfesa kawai shi ne kada kowa ya buga wa uwar waya, domin a garinsu ba a aika mugun labari ta waya kamar tallan magani. Sai ka je da ƙafarka, ka ɗauki fasto, a zauna, a yi addu'a, sannan a faɗa.

Ta sami Rabaran Azariya, faston garinsu, a bayan gidansa yana ɗaure akuya. Tsoho ne mai nauyin kunne da saurin yarda da mutane, irin wanda ko ɓarawo ya gani da kazarsa sai ya ɗauka asibiti zai kai ta.

"Baba, labari na kawo gidan Lai'atu. Ba mai daɗi ba ne."

Ya dubi fuskarta, ya dubi akwatin. Ya shiga ya sa kwalarsa ta fasto ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, suka kama hanya ta gefen gonakin citta da cuta ta ƙone bara, waɗanda har yanzu rabinsu ciyawa ce.

Lai'atu tana shanya masara a tsakar gida. Ita ce babbar 'yan matan unguwa lokacin da Irene take ƙarama, ita ta koya mata kitso, daga baya ta auri ɗan wan baban Irene, wanda ya rasu ya bar ta da yara biyar. Da ta hango su, fasto a gaba, akwati a baya, sai ta saki kwano ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Ƙanwata, mene ne?"

"Mu shiga ciki, Yaya."

Aka zauna, aka kawo ruwa, Rabaran ya yi addu'a doguwa. Sannan Irene ta fara. Ta faɗi kasuwar, ta faɗi fasfon, ba ta rage laifinta ko kaɗan ba. Da ta zo kan firjin gawa sai kuka ya ci ƙarfinta, ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban Lai'atu.

"Kin ba ni amanar 'yarki na zubar. Ki yafe mini, Yaya."

Lai'atu ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunan 'yarta. Kukan ya cika ɗaki, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Rabaran kuwa ya karkato kunnensa mai ɗan dama, goshinsa a tattare.

"Dakta, kwana nawa kika ce tafiyar?"

"Sha huɗu, Baba."

"Sha huɗu? Ba shekaru ba?"

"Kwana. Ziyarar karatu ce kawai."

"To, abin da mamaki." Ya juya wajen mai birgima, da zuciya ɗaya, kamar mai neman a taya shi lissafin ranar kasuwa. "Lai'atu, ba ke kika zo kika karɓa mata takardar ƙaura ba? Kika ce a rubuta da Turanci, kada ta je ikilisiyar can a hana ta cin jibin Ubangiji. Har ta mayar da rigar mawaƙa, aka naɗa wata a madadinta. Wa ke karɓar takardar ƙaura don sati biyu?"

Kukan ya tsaya cak, kamar an kashe rediyo.

Irene tana durƙushe har yanzu. A hankali abubuwan da ta ƙi gani suka fara zuwa mata. Akwatin da ta buɗe a otal ta tarar da tsofaffin zannuwa uku da silifa, ta ce wa kanta yarinyar talaka ce. Jakar goyon da ta kumbura a bayan Doreen ranar kasuwa. Da kuma wannan: kwana shida wayar yarinya a kashe, amma uwar da ke kiran Irene ko zazzaɓi Doreen ta yi a makaranta, ko sau ɗaya ba ta kira ba.

Ta tashi ta koma kujera. Gwiwoyinta sun yi ƙura, ba ta kakkaɓe ba.

"Tana ina?"

Lai'atu ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta jawo ƙofa ta rufe. Idonta a bushe.

"Yana lafiya. Yana wurin Eli, ɗan ƙanena, wanda yake loda kaya a kwantena a can Guangzhou. Shekaranjiya ma mun yi magana."

"Shekaranjiya ina filin jirgi ina kuka, Yaya."

"Na sani, ƙanwata."

"An buɗe mini gawar 'yar mutane. Sau biyu. Na tsaya ina duba ƙafarta ko zan ga tabon ƙunar nan na Doreen."

"Ki yi haƙuri. Da mun gaya miki, za ki yarda?"

"Ba zan yarda ba!"

"To, kin gani." Lai'atu ta buɗe tafukan hannunta. "Citta ya mutu. Masu digiri nawa ne a garin nan suna tuƙa okada? Sau biyu Doreen ya nemi biza aka hana. Da wannan tafiya ya fito, muka ce Ubangiji ne ya buɗe ƙofa."

"Kada ki sa Ubangiji a ciki," Rabaran ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kin sa ni na sa hatimin ikilisiya a kan ƙarya."

Ba ta ko dube shi ba. Irene take kallo.

"Ranar da kika zo ofishina kika durƙusa, kika ce in taimaka yarinya ta ga duniya ko sau ɗaya, kin riga kin karɓi takardar?"

"Da sati ɗaya."

Abin ya soki Irene fiye da komai. Ranar har hawaye ta yi, ta hau bene ta yi wa Farfesa magiya kamar 'yar cikinta. Tana ta zargin ɓarayin mutane na ƙasar da ba ta sani ba, ashe ana zaton wuta a maƙera, a masaƙa ta tashi.

"Kin san za a kore ni?"

"Ba za su kore ki ba, ke babba ne. Ko sun kora, mai ilimi ba ya rasa wuri."

"In na faɗi gaskiya ranar Litinin, na tsira. Za a sanar da mutanen can, su kamo ta, su kamo Eli. Ke ma za a zo a ɗauke ki."

Lai'atu ta matso ta dafa gwiwarta, da hannun nan mai taushi da ya sha yi mata kitso.

"Ai shi ya sa muka jira sai tafiyar da ke za ki kai. Da baƙo ne, da ya tona mu. Ke namu ne, ba za ki iya ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, yabo ne take yi. Irene ta ɗauke hannun daga gwiwarta ta ajiye shi gefe, ta tashi ta fita ba sallama.

Rabaran ya biyo ta har bakin titi yana haki. Ya ce kwafin takardar yana ofishinsa, da kwanan wata da sa hannun Lai'atu. Shi ba zai kai kansa ko'ina ba, amma duk wanda ya zo ya tambaye shi, ba zai yi ƙarya ba.

"Ki turo su kawai, 'yata. Hakkinki ne."

Ta ce ta gode. Ta sami gaban wata bas mai komawa Kafanchan, ta zauna ta rungume jakarta. Zuciyarta na tafasa, har ta fara jera maganar da za ta yi a gaban kwamiti, kalma bayan kalma, kuma kowace kalma gaskiya ce. Sun wuce gada kenan wayarta ta yi ƙara. Farfesa Zubair ne.

"Dakta, kin je? Me suka ce? Akwai alamar sun san wani abu?"

Ta buɗe baki. Sunan Rabaran Azariya yana kan harshenta, abin da ya rage kawai ta furta shi. Sai ta ga Doreen a bayan ƙarfe a garin da ba mai jin yarenta, ta ga yara huɗu a tsakar gida suna kallon motar 'yan sanda na tafiya da uwarsu. Ta ji haushin Lai'atu, ta ji haushin kanta ya ninka shi.

"Dakta, kina ji na?"

"Ina ji, Farfesa. Uwar ta yi kuka sosai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ji saukar numfashinsa.

"To, Allah ya kyauta. Litinin ƙarfe goma. Ki taho da makullin ofishinki."