Littafin Ajimi a Hannun 'Yan Sintiri

Salamu alaikum mutanena, da masu karantawa a ɓoye ba sa taɓa cewa uffan, da masu rubuta "muna tare" tun kafin su karanta layin farko. Duk ina ganinku. Yau 'yan Gomari sun huta da tsokanata, labarin wani ɗan keke napep na kawo muku. Ku gyara zama, wanda ke tuƙi kuma ya ajiye wayar nan don Allah.

Sunansa Ajimi. Keken da yake ja ba nasa ba ne, na Alhaji Imran ne, mai shagon hatsi a unguwar Hausari. Alhaji yana da doka ɗaya, ba ya barin makullinsa a hannun wanda ba shi da cikakkiyar lafiya. Bara jiri ya ɗebi wani direbansa sau ɗaya tak a bakin titi, kafin la'asar keken ya koma hannun wani. A gaban Ajimi aka yi. Shi ya sa ya rufe nasa ciwon ruf, ko matarsa Rahmat rabinsa ta sani.

Asalin abin tun yana saurayi ne, shekarar da suka baro garinsu Konduga. Bam ya tashi a wata tasha yana tsaye ba nisa, ko ƙwarzane bai samu ba. Shekaru suka wuce lafiya lau, sai bana abin ya biyo shi ta ƙirji. Da ya shiga cunkoso sai zuciya ta hau bugu kamar injin markaɗe, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya maƙale a maƙogwaro. Wasu ranakun kuma babu tsoro, sai nauyi, ya farka ya ji ko wanka aiki ne.

Maƙwabciyarsu Ketura, ma'aikaciyar jinya, ita ta harbo jirginsa. Ta ce ya je ya ga likita. Ya ce to, irin "to" ɗin nan da ku ma kuke yi. Ta ce kafin ya gama yaudarar kansa ya sayi littafi, duk sa'ad da abin ya taso ya tsaya ya rubuta abu uku: ina yake, me yake zaton zai faru, me ya faru daga baya. Ta ce bayan wata ɗaya ya karanta da kansa, ya ga sau nawa tsoronsa ya faɗi gaskiya.

Wallahi abin ya yi masa aiki. Yana fara rubutu hannun yakan rage rawa. Sai dai Ajimi mutum ne mai bin diddigi. A gaban shafi yana sa wuri, da lokaci, da yawan mutane, da hanyoyin fita, don su ne idonsa ke fara nema. Abin kunyar kuma, wato tsoron da abin da ya biyo baya, sai ya tura shi bayan shafi da ƙananan haruffa kamar sawun tururuwa.

To ranar wata Juma'a, rana tsaka, zafin nan namu da ke narkar da silifa. Ya ɗauko Ya Aisa, wata dattijuwa mai sayar da turaren wuta, da wasu 'yan mata biyu, za su Gomari. Suna zuwa kusa da wani masallaci sai ga hanya an rufe rabi, an fara shimfiɗa tabarmi. Keke gaba, keke baya, jama'a na kwarara ta kowane gefe. Wani ya buga ƙofar mota da ƙarfi.

Shi ke nan, ƙirjin ya ɗauka.

Ajimi ya lallaɓa ya saka keken gefe. Ya ce, "Ya Aisa, ku yi haƙuri, minti biyu." Ya zaro littafin daga ƙarƙashin kujera, ya dubi ƙofar masallaci, ya rubuta, ya sake ɗaga kai, ya sake rubutawa.

Yanzu ku tsaya. A garin nan, ranar Juma'a, mutum a cikin keke yana kallon ƙofar masallaci yana rubutu. Ku ma da kuke dariya, da ku kuka gan shi da kun kai har unguwar Bulumkutu a guje.

Gora ta ƙwanƙwasa rufin keken. Samari uku ne cikin 'yan sintirin unguwa masu binciken masallata. Babbansu Habib, ƙanin matar Alhaji Imran. Duk abin da ya shiga kunnen Habib, ya riga ya isa shagon hatsi.

"Ajimi, wushe, sannu. Me ake rubutawa?"

"Ba komai, Yaya Habib."

"Ba komai ɗin nake son gani. Miƙo."

Ajimi ya matse littafin a ƙirji, kuma wannan ne ya ƙara ɓata lamarin. Ɗaya daga cikin samarin ya fizge, ya ba Habib. Habib ya buɗe, yana bin layi da yatsa, yana karantawa da ƙarfi.

"Ƙofar masallaci. Ɗaya saura kwata. Mutum kamar ɗari uku. Hanyar fita biyu, ɗaya a toshe." Ya juya shafuka baya. "Bakin kasuwa. Ƙarfe huɗu. Cunkoso sosai. Ƙofar gabas ba mai gadi."

'Yan matan nan biyu ba wanda ya ga saukarsu. Mutanen da ke kusa suka fara ja da baya, na nesa kuma suka fara matsowa, kun san halinmu. Wani ya ce a ɗaga kujerar keken. Wani daga baya ya ce, "Wa yake kai wa bayanan?" Maganar ta fara yawo baki zuwa baki, tana ƙara girma.

"Sauko," in ji Habib. "Hannunka inda zan gani."

Ajimi ya sauko. Gumi ya jiƙa rigarsa har ƙugu, kuma ya san yadda gumin yake a idon mutane.

"Yaya Habib, ka san ni. Ka san gidanmu."

"Don na san ka ne nake tambayarka a nan. Da wani ne da tuni yana bayan motar jami'an tsaro. Mun sha ganin ɗan unguwa ya ci amana, Ajimi. Faɗa min, wa ya sa ka?"

Amsar tana nan, a bayan shafin da babban yatsan Habib ya danne. Ajimi ya dubi yatsan. In ya yi shiru za a wuce da shi, kuma Allah kaɗai ya san yaushe zai fito. In ya buɗe baki, kafin a idar da salla Alhaji ya ji cewa direbansa yana rasa numfashi da fasinja a baya.

Ya Aisa ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta leƙo ta ce, "Kai Habibu, yaron nan shekara biyu yana ɗaukata. In ɗan leƙen asiri ne, to rago ne, ko ramin titi tsoronsa yake ji."

"Ya Aisa, ki bari. Wannan ba maganar wasa ba ce." Habib ya zaro waya, ya fara neman lambar jami'an tsaro.

"Juya shafin," in ji Ajimi.

"Me?"

"Bayansa. Ka karanta bayansa."

Habib ya juya, ya kai littafin kusa da ido, ya nisanta shi. "Wannan ai rubutun aljanu ne. Karɓi. Karanta da bakinka, kowa ya ji. Ka tsallake layi ɗaya, na kira."

Ajimi ya karɓa da hannu biyu, ya fara karantawa.

"Bakin kasuwa. Abin da na zata: bam zai tashi, zan mutu, Rahmat za ta zo ba za ta gane ni ba." Ya sauka layi na gaba. "Abin da ya faru: tayar mota ce ta fashe. Na shiga banɗakin gidan mai na yi kuka, sannan na wanke fuska na ɗauki fasinja."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, wani dattijo ya maka masa carbi a ƙeya.

"Ci gaba," in ji Habib.

"Talata. Ban fita ba sai ƙarfe sha ɗaya, na ce wa Alhaji fulogin keke ne ya lalace. Ba fulogi ba ne. Na kasa tashi ne. Abin da na zata: ba ni da amfani a gidan nan. Abin da ya faru: 'yata ta kawo min takalmina, na tashi."

Ya karanta shafi huɗu. Zuwa na uku babu mai cewa a ɗaga kujera. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna bai yi alwala ba. Habib ya karɓi littafin, ya bi shafukan gaba da baya har ƙarshe, ya sa aka duba keken ciki da waje. Ba a samu komai ba sai sifana da robar ruwa.

Ya miƙa wa Ajimi littafin. "Tafi. Kada ka ƙara rubutu a ƙofar masallaci, ba kullum ni za ka samu ba." Ya rage murya. "Amma Alhaji sai ya ji. Mutane kake ɗauka, Ajimi. Ba zan iya riƙe wannan ba."

Ajimi ya kai Ya Aisa har ƙofar gidanta a Gomari, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yi salla a unguwarsu. Daga nan bai jira a kira shi ba, ya juya kan keke sai Hausari.

Alhaji Imran na zaune kan buhun gero, waya a cinya. Bai amsa gaisuwa ba sai da ya kalle shi tun daga hula har silifa.

"Fulogi, ko?"

"Na yi ƙarya, Alhaji. Ka yafe min."

"Ka taɓa faɗuwa da mutane?"

"Ko sau ɗaya. Ina jin zuwansa, sai in saka gefe."

"Ranar da babu gefen fa?"

Alhaji ya miƙo hannu, Ajimi ya ɗora masa makullin. Alhaji ya jujjuya shi, ya daɗe, har wani mai sayen wake ya gaji ya tafi.

"Fasinja kam ka gama ɗauka, sai ranar da ka kawo min takardar likita. Kafin nan buhuna za ka riƙa kai wa masu shaguna, da safe, kafin hanya ta cika. Buhu ba ya mutuwa." Ya jefa makullin cikin aljihunsa. "Litinin ka je asibiti. In ka dawo ka zo ka karɓa."

Ajimi ya koma gida a ƙasa, yana ta shirya yadda zai faɗa wa Rahmat sauran rabin kafin matan unguwa su riga shi.

To ku, jaruman waya, ban da cika baki. Da kai ne a tsaye gaban mutum ɗari uku, za ka karanta bayan shafin nan, ko shiru za ka yi a tafi da kai? Kuma da ke ce a matsayin Habib, za ki kai wa Alhaji maganar?