Agogon Mai Karnuka

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin nas a ɗakin maza na babban asibiti, kuma duk farar rigar da na taɓa sawa a aikin nan Baba ne ya ɗinka ta. Tela ne, irin telan da zai warware ɗinki sau uku don zare ɗaya ya karkace. Ranar da na fara aiki har bakin ƙofar asibiti ya raka ni, yana tafe yana gyara min kwala kamar wadda za a ɗauka hoto. Tun daga ranar duk wanda ya shiga shagonsa sai ya sha labarina, ko da maɓalli ya kawo a ɗinka masa.

To wata bakwai da suka wuce na ajiye aikin, ban gaya masa ba.

Ba wani abin tashin hankali ne ya kore ni ba, shi ya sa ma faɗar ta yi min nauyi. Bayana ne ya gaji da ɗaga ƙattan maza, mu nas biyu rak a kan gado arba'in. Sannan wata rana wani tsoho ya riƙe hannuna yana ba ni labarin ciwonsa, na kama kaina ina kallon agogon bango ina fatan ya yi shiru. A ranar na san na ƙare. Wata ƙawata ta nuna min abin da take yi daga ɗakinta: ana ɗaukar mutum ya zama mataimaki ta intanet, ya riƙa amsa wa wani wasiƙu, ya tsara masa wa zai gani da ƙarfe nawa, ya kama masa kujerar jirgi da ɗakin otal. Na yi kwas na wata biyu, na dace da wata mata a wata ƙasa mai nisa, dillaliyar gidaje. Karnuka uku gare ta, don haka a raina Mai Karnuka nake kiranta. Ni da na taɓa danne cinyar mutum da gwiwata har jini ya tsaya, yau ni ce mai nema wa kare ranar wanke haƙori.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ina son aikin. Ina barci, bayana ya daina ciwo, ba mai zagina don gado bai samu ba. Mai Karnuka kuwa mutuniyar kirki ce, ko takarda ɗaya na gyara mata sai ta yi godiya kamar na ceci ranta.

Shi kuwa Baba, ce masa na yi asibiti sun mayar da ni sashen ajiye bayanai, aikin kwamfuta ne, daga gida ake yi. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, ƙannena duk sun yi nisa. Ya ce, "To, Uwata, Allah ya taimaka." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka na sha.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Ya rufe shago, aka dawo da keken ɗinkinsa falo aka lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Likitan da ke cire yanar ido ba mazauni ba ne, duk wata huɗu yake zuwa asibitin, ya yi wa waɗanda ke kan layi aiki ya wuce. Ranar da za a gwada idon Baba na ce ina da taro, maƙwabcinmu direba ya kai shi. Gaskiyar ita ce tsoron haɗuwa da abokan aikina nake. Ya dawo da kati a hannu yana murna, an sa shi a layi. Na karɓa, na rubuta rana da lokaci a kalandar kwamfutata, na cusa katin cikin jakar takardunsa. Ina alfahari da wannan kalanda, tun da na fara aiki ban taɓa sa Mai Karnuka ta makara ko da minti ɗaya ba.

Ga inda na yi ɓarnar. Ƙasar Mai Karnuka tana bayanmu da awa biyar, kuma don kada in riƙa lissafi a ka, a kan agogonsu na saita kwamfutata. Wayata kuwa a kan namu take. Da na rubuta ƙarfe tara a kwamfuta, ta ɗauka taran can nake nufi, ta aika wa wayata ƙarfe biyu na rana. Makonni suka wuce, na manta abin da ke jikin kati, abin da waya ta ce shi na riƙe.

Ranar aikin, tun bakwai na safe Baba ya yi wanka ya sa tufafinsa masu kyau, ya zauna a falo da jaka a cinya.

"Uwata, ba da safe suka ce ba?"

"Ƙarfe biyu ne, Baba."

"Kamar dai na ji yarinyar da ta ba ni katin ta ce in zo da wuri."

"Haba Baba, ni ce fa nas ɗin. Ka kwantar da hankalinka."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Jakar na cinyarsa, taku uku tsakanina da ita. Kuma ko ɗalibar da ta yi sati ɗaya a asibiti ta san ba a kiran mai aikin ido ƙarfe biyu, da sassafe ake ɗiga magani a jera mutane. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma wata bakwai na saba duk abin da kalanda ta faɗa shi ne. Ƙarfe tara na wannan safiyar ina ɗaki ina duba gidajen ajiye karnuka, wanne ne ke da filin gudu.

Wajen sha biyu da rabi na fito da shirina. Baba ya juyo da idonsa mai ɗan gani ya dube ni.

"Ba za ki sa farin kayanki ba? In suka ga tasu ce ai za su duba mu da wuri."

Na koma ɗaki na ciro rigar daga ƙasan akwati, na goge ta, na sa. Har ta ɗan matse ni a hannu, zaman gida ya karɓe ni.

Mai gadin asibiti na hango ni ya washe baki. "Sista! Kwana biyu! Kin dawo mana ke nan?" Na yi masa murmushin yaƙe na ja hannun Baba da sauri. Warin maganin wanke ƙasa ya doki hancina, ƙafafuna suka san hanya da kansu. Tun daga baranda na san akwai matsala. Mutane ne ke fitowa daga sashen ido, kowa da auduga da filasta a ido ɗaya, 'ya'yansu na riƙe da su. Bencin jira babu kowa, mai shara har ta fara ɗora kujeru a kan tebur.

Wadda ke zaune a teburin kuwa Babbar Sista ce, matar da ta koya min neman jijiya da ɗaura ruwa, wadda na miƙa wa takardar ajiye aiki da hannuna. Ashe an dawo da ita sashen ido. Ta ɗago ta dube ni tun daga kwala har takalmi, ta tsaya a kan rigar, ta daɗe. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

"Baba, sannu da zuwa," ta ce, ta miƙe ta ba shi kujera. "Ai sau uku muka kira sunanku da safe."

"Da safe?" na ce. "Ƙarfe biyu aka rubuta."

Ta miƙo hannu. Na buɗe jakar na ciro katin, kafin in ba ta idona ya sauka a kai. Ƙarfe tara, da jan biro, har an ja layi biyu a ƙasa. Nan take na gane abin da na yi.

"Likita ya wuce tun sha biyu da rabi," in ji ta. "An tattara kayan aikinsa, da su yake yawo. Wallahi da yana nan da na roƙe shi." Ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ke da kanki? Ke da ke korar mutane gida in sun makara da minti goma?"

Baba ne ya yi gyaran murya.

"Sista, kada ki ga laifinta. Ni na karanta mata katin, da wannan idon nawa. Ita aiki ya yi mata yawa."

Babbar Sista ta dube shi, ta dube ni. Ta san ƙarya ce, ta kuma san tawa ƙaryar da nake sanye da ita, amma ba ta tona ko ɗaya ba. Ta ɗauko sabon kati ta rubuta wata rana, wata huɗu masu zuwa, ta sa a hannun Baba, ba nawa ba.

A waje akwai wani benci na siminti kusa da wurin ajiye motoci. Baba ya ce mu ɗan zauna, ƙafarsa ta gaji. Wayata ta yi ƙara, Mai Karnuka ce ta turo saƙo tana yi wa mahaifina fatan a yi aiki lafiya, har da hoton fure. Na kife wayar a cinya.

"Baba, ba kai ka karanta katin ba."

"Na sani."

"Kuma ni... ba na aiki a nan. Wata bakwai ke nan. Wata mata nake wa aiki, a wata ƙasa."

"Mai karnuka," ya ce. "Ai bangon ɗakinki ba kauri. Ina jin haushinsu in kuna magana. Na ce ikon Allah, asibitin nan har karnuka suka fara kwantarwa."

Dariya ta so ƙwace min, sai ta zama kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya laluba ya kama aljihun rigar na dama ya murza shi tsakanin yatsunsa.

"Ko ba don karnukan ba, na sani. Wannan aljihun, almakashinki ke huda shi. Shekara goma sha ɗaya duk wata biyu sai kin kawo min na yi masa faci. Da na ga wata uku, huɗu, ba ki kawo ba, na san almakashin ya huta."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Maganarki ce, ba tawa ba. Ni na ga yadda kike dawowa kina dafa bango. Kin zaci daɗi nake ji? Rigar na ɗinka, Uwata, ban ɗinke ki a cikinta ba."

"Amma yau kai ka ce in sa ta."

Ya juya fuska wajen motocin da ba ya gani sosai.

"Na faɗa ne don ki ce min a'a. Na ce yau dai za ta ce, Baba, ba ni da ikon sa rigar nan. Ina zaune a falo ina jira. Sai na ji kin kunna dutsen guga."

Wannan ta fi ta Babbar Sista zafi. Duk hanyar gida ban iya haɗa ido da shi ba, shi da ko fuskata ba ya gani sosai.

Muna shiga na cire rigar na linke. Na ɗauko biro mai kauri, na je jikin kalandar takarda da ke rataye a falo, na buɗe shafi huɗu gaba, na rubuta tara babba yadda ko shi zai hango. Ya ce in karanta masa daga jikin katin, na karanta, ya ce in sake.

"Da agogon gidan nan?" ya tambaya.

"Da agogon gidan nan, Baba."

Ya miƙo hannu na ba shi rigar. Ya shafa yadin, ya bi ɗinkin kafaɗa da ɗan yatsa har ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Yadi ne mai kyau, bai kamata ya ruɓe a akwati ba. Zai yi rigar filo biyu, har a sami ragowa." Ya ɗaga zanen gadon da ya lulluɓe keken, ya ajiye rigar a kai, ya mayar ya rufe. "Amma sai ta jira ni wata huɗu. Yanzu ko kafar allura ba na gani."