Rigar Dona Ermelinda ta Sha Tururi

A unguwar bayan kamfanin giyar lemo a Inhambane, cewa ake yi hancin Dona Ermelinda ya fi na kare, kuma bakinta bai taɓa furta "yi haƙuri" ba, ko da ƙafar limamin coci ta taka. Mijinta Fanuel, mai gyaran keke, ba ya sa baki idan ana wannan hira. Shi ne dai yake kwana a baranda tun farkon kakar lemo.

Laifinsa wari ne. Ruwan sama ya rushe rumfarsa, sai ya koma jikin katangar kamfanin, dab da bututun da ke fitar da tururi in ana dafa ɓawon lemo. Ya dawo gida da yamma, ta shinshina wuyan rigarsa sau ɗaya, ta miƙo masa tabarma.

"Wallahi tururi ne, Maman Celeste. Tun da na yi alkawari a gaban coci ban ɗanɗana ba."

"Tururi. To, tururin ya shimfiɗa maka gado."

Sauro bai dame shi kamar yadda maganar ta zaga unguwa ba. Har mai gadin kamfani ya fara ce masa, "Tsoho, in ka koma ruwa ka faɗa mana, mu daina ɓoye maka kwalba."

Ranar Alhamis Dona Ermelinda za ta ja addu'a a zumuntar mata. Da sassafe ta wanke rigar zumunta, ta shanya, ta tafi kasuwa sayen ganyen rogo. Fanuel ya tsaya ya dubi rigar, ya dubi hayaƙin kamfani. Ya cire ta daga igiya, ya kai ta rumfarsa, ya rataye a hannun wani keke a bakin bututun. Ta sha tururi har ta ƙoshi. Kafin matar ta dawo ya mayar da ita inda take.

A ranar kuwa mura ta toshe shahararren hancin. Ta goge rigarta, ta sa, ta fita tana taku ɗai-ɗai.

Fanuel bai iya gyaran komai ba. Ya liƙe tayar da ba ta huje ba, ya zauna a baranda yana jira.

Ta dawo da wuri, ita da Mana Otília, maƙwabciyarsu, wadda ta riƙe mata hannu kamar mai jinya.

"Ba komai, Yaya, kowa da ranar rauninsa," Otília take cewa da ƙarfi, don masu leƙe ta katanga su amfana. "Matar limami ma ta ce ki huta, ita za ta ja addu'ar. Ki sha ruwa da yawa."

"Otília, sakar mini hannu."

Da maƙwabciyar ta tafi, Dona Ermelinda ta tsaya a kan mijinta. Ya duƙufa a kan wata sarƙar keke kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"A bencin baya suka zaunar da ni," ta ce. "Ni. Na rantse musu ban sha ba, sai murmushi suke yi mini."

"Ai haka suke yi," in ji Fanuel.

Ta juyo masa kafaɗar rigar. Ga baƙin man keke, shatar babban yatsa ɗaya.

"Wannan shari'ar gobe ce, kuma ba za ka ji daɗinta ba."

Ta sunkuya ta naɗe tabarmarsa, ta sa a hammata, ta yi wata magana can cikin maƙogwaro.

"Ban ji ba, Maman Celeste. Injin kamfani yana ƙara."

Ta dubi katanga. Kawuna uku suka nutse, kallabinsu bai gama ɓuya ba. Ta ja numfashi ta toshasshen hancinta.

"Na ce ba ka sha ba, Fanuel. Ka yi haƙuri."