Tayoyin Motar Darakta

Abin ya fara ne a watan Maris na shekarar 2008, lokacin da Alhaji Yamusa, darakta a wata ma'aikatar tarayya, ya dawo daga kwas na mako uku a ƙasar waje. Abin da aka tura shi ya koyo, ba wanda ya taɓa jin ya ambata, ko a taro ko a hira. Abin da kowa ya sani shi ne ya dawo da akwatuna shida, kuma a cikinsu akwai titin wasa.

Titi ne na katako, miƙaƙƙe, tsawonsa mita goma sha bakwai, da tsagi biyu a jere. Motocin da ke gudu a kansa ba su fi tafin hannu ba. Kowace tana da ɗan harshe a ƙasanta mai shiga tsagin, da gashin jan ƙarfe mai ɗaukar wuta daga titin. Mutum biyu kan tsaya, kowa riƙe da abin matsawa mai kama da kunamar bindiga. In fitila ta yi kore sai su matsa, motar da ta riga isa ƙarshe ita ta ci. Duka tseren ba ya kai daƙiƙa biyu. Saboda waɗannan daƙiƙu biyu Alhaji Yamusa ya sa aka rushe bangon garejinsa na Maitama, aka ƙara masa tsawo, aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Shekarun nan ne da man fetur ya yi daraja a duniya, Abuja ta cika da ƙugiyoyin gini, manya kuma suka rasa yadda za su yi da Asabar ɗinsu. Kafin damina ta yi nisa, daraktoci biyar da 'yan kwangila uku sun sayi nasu motocin, sun kafa ƙungiya, har da shugaba da sakatare da kundin tsari.

Rekiya injiniyar lantarki ce a sashen Alhaji Yamusa. A Kubwa take zaune da mijinta Uthman, malamin sakandare, kuma kullum da ta idar da sallar asuba take fita neman bas. Ta sami gurbin digiri na biyu a Zariya, za a rufe rajista ranar talatin da ɗaya ga Oktoba, abin da ya rage mata kawai sa hannun darakta a takardar hutun karatu. Tun watan Yuli takardar ke kan teburinsa.

Ranar da ta shiga tuna masa karo na huɗu, ta tarar ya baje wata 'yar mota ja a kan fayilolin gwamnati, ya buɗe cikinta yana tsokana da tsinken sakace. Ofishin na warin ƙonannen fenti. Rekiya ta san warin nan tun tana ƙarama, domin mahaifinta mai naɗin kwayil ne a Lokoja, ta tashi tana miƙa masa waya yana farfaɗo da fankoki da injinan ruwa.

"Kwayil ɗin ne ya ƙone, Yallaɓai," ta ce, kafin ta yi tunani.

Ya ɗago, ya dube ta ta saman tabarau kamar yau ya fara ganinta. "Ke kin san kan wannan abin?"

"Injin lantarki ne a cikinta, ranka ya daɗe. Duk ɗaya ne da na fanka, sai dai ƙanƙanta. Na zo ne kan takardar hutuna."

"Takarda tana nan, ba inda za ta. Zauna, Injiniya." Bai taɓa kiranta Injiniya ba sai ranar.

Daga nan ya zayyana mata damuwarsa, da murya irin wadda bai taɓa yin maganar aiki da ita ba. Akwai wani Dakta Datti, darakta a wata ma'aikatar, wanda ke cin sa kowace Asabar, yana kuma yi masa dariya a gaban 'yan kwangila. Ranar sha takwas ga Oktoba za a yi gasar kofin ƙungiya, Babban Sakatare da kansa ya amsa zai zo ya miƙa kofin.

"In motata ta ci ta Datti ranar Asabar ɗin gasar, ranar Litinin takardarki ta fito. Kin ji na faɗa."

Ta karɓi motar a cikin ambulan ɗin gwamnati, ta sa a jaka kusa da dardumarta.

Mako biyar ta yi tana aikin a teburin cin abincinsu. Ta warware ƙonanniyar wayar, ta sake naɗi da wadda ta fi kauri, ta rage yawan zagayen don motar ta riƙa fizga tun daga tashi. Ta ɗora sandar kwayil ɗin a kan kaifin reza biyu, duk gefen da ya rinjaya ta kankare shi kaɗan, har ta daina mirginawa da kanta. Ta matso da maganaɗisun kusa da kwayil da kaurin takarda ɗaya. Ta huda gangar jikin ta rage nauyi, ta cire kujerun roba da ɗan direban roba mai hular kwano, ta liƙa 'yan ƙafafu biyu a baya da dalma don kada motar ta ɗaga kai in ta zabura. Tayoyin baya su suka fi cin lokacinta. Na soso ne masu taushi, sai da ta bi su da samfefa a hankali suna juyawa, har suka daidaita, ƙyallinsu ya tafi, suka yi fari-fari suna kama yatsa kamar ƙaro.

Uthman yakan zauna a gefe yana duba littattafan ɗalibai.

"Shekara biyar a jami'a," in ji shi wata rana, "ga shi yau gwamnatin tarayya ta gano amfaninki."

"Malam, ka yi makinka."

"Ina yi. Ni dai ina cewa ne, in kin gama da ta Darakta, fankar ɗakinmu ma tana da takarda a teburinki tun bara."

Ba ta yi dariya ba. Abin da ya fi ba ta haushi ba raina mata ilimi da aka yi ba ne. Aikin yana yi mata daɗi, wannan shi ne abin haushin. A ofis shekara shida tana rubuta rahoton da ba mai karantawa, a nan kuwa in ta ƙara zagaye ɗaya na waya sai ta ji bambancin a kunnenta. Takan yi istigfari a kan wannan daɗin, sannan ta koma kan rezarta.

Ranar Alhamis kafin gasar, Uthman ya raka ta Maitama aka gwada. Motar Dakta Datti ba ta taɓa yin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da ɗigo uku ba. Ta Alhaji Yamusa ta yi ɗaya da ɗigo ɗaya, sau uku a jere. Darakta ya yi tsalle da babbar rigarsa, har hularsa ta faɗi. Da ya huce sai ya ɗauki motar, ya juya ta a hannu, ya yamutsa fuska.

"Amma fa ta yi muni. Dubi tayoyin, kamar na motar itace."

"Haka ake so su kasance, Yallaɓai. Da su take riƙe titi. Don Allah kada a taɓa su, ko da yatsa ne. A bar ta a cikin akwatinta har ranar."

Wayarsa ta yi ƙara a daidai lokacin. Ya ɗaga mata hannu irin yadda yake wa masinja, ya juya baya yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai mun shirya."

Ranar Asabar bayan la'asar an kafa rumfa a farfajiyar gidan, an jera kujeru masu riguna, an ɗauko mai hoto. Dattawa masu furfura, waɗanda a ranakun aiki sai mutum ya cika fom kafin ya gan su, sun durƙusa a gefen katako suna hura wa motocinsu iska da baki. Wani ɗan kwangila ya sa an rubuta sarautarsa a jikin motarsa da ruwan zinare. Rekiya ta sami kujera a can baya kusa da Uthman, ta gyara mayafinta, ta riƙe jakar kayan aikinta a cinya.

Thaddeus ne ya fito da akwatin. Shi ne direban Darakta, dattijo daga Filato, shekara ashirin yana jan motar gidan, kuma ba a taɓa ganin ɗigon laka a jikinta ba. Ya buɗe akwatin a kan farin ƙyalle, motar ta fito tana walƙiya. Tayoyin sun yi baƙi wuluk, suna sheƙi kamar an tsamo su daga mai.

Rekiya ta miƙe ta isa wurinsa. "Baba Thaddeus, me aka sa wa tayoyin nan?"

Ya washe baki. "Madam, ni na gyara shi. Man goge taya, wanda ina sa wa babban mota. Oga ya ce mota na oga ba zai fita gaban babban baƙo da taya fari ba. Sau biyu na sa, da burushi na haƙori."

Ta taɓa tayar da ɗan yatsa. Santsi kamar sabulu.

Ta tarar da Alhaji Yamusa a bakin rumfa yana gyara zaman hularsa. Ta rage murya. "Yallaɓai, man da aka sa ya kashe tayoyin. Ina da wasu a jaka. Minti goma nake nema in canja."

"Minti goma? Babban Sakatare ya zauna. Kina so in ce masa ya jira ana canja taya?"

"In ba a canja ba, ba za ta tashi ba."

"Injiniya, mota mai tsabta ba ta taɓa ƙin tashi ba. Je ki zauna."

Ta koma ta zauna.

An yi addu'ar buɗe taro, sakataren ƙungiya ya yi jawabin minti ashirin a kan muhimmancin wasanni ga ci gaban ƙasa, sannan aka ɗora motar Alhaji Yamusa da ta Dakta Datti. Dakta Datti, siriri mai sanƙo, ya dubi jar motar ya ce, "Yamusa, wannan amarya ce ka kawo ko motar tsere?" Aka yi dariya. Fitila ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta yi kore.

Motar Datti ta ɓace daga wurin. Ta Alhaji Yamusa ta ƙwalla ƙara mai tsini, irin ƙarar da Rekiya ta yi mako biyar tana nema, amma tana nan inda take. Tayoyin na juyawa a banza, bayanta na kaɗawa hagu da dama, tana fesa baƙin mai a kan katakon. Ta ja jiki kamar taku biyu, sannan hayaƙi siriri ya fito daga cikinta, domin Darakta bai saki kunamar ba, ya ƙara matsawa ne da hannu biyu. Warin ƙonannen fenti ya cika garejin.

Babban Sakatare ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, don haka kowa ya sami izinin yi.

"A kira mata 'yan turi," in ji Datti. "Ko a haɗa ta da janareto."

Alhaji Yamusa ya ajiye abin matsawar, ya juya wajen baƙonsa yana murmushin dole. "Ranka ya daɗe, ka ga irin injiniyoyin da jami'o'inmu ke yaye mana yanzu. Mako biyar na ba ta." Ya nuna Rekiya da haɓa. Kawuna suka juyo.

Ta ga Thaddeus a jikin ƙofa, ya cire hularsa yana murza ta, bakinsa na motsi kamar zai amsa laifin. Kalma ɗaya daga gare ta, laifin ya koma kansa, kuma ta san a gidan nan laifi ba ya hawa sama, gangarowa yake yi har ya sami wanda ba shi da na ƙasa. Ta girgiza masa kai kaɗan. Ya mayar da hularsa.

Bayan an miƙa kofi an yi hotuna, Darakta ya aika a kira ta bayan rumfa. Fushin ya tafi, muryar ta koma ta ranar da ya fara ce mata Injiniya.

"Kada ki damu da abin da na faɗa, maganar taro ce. Na ji ƙarar injin nan, aikinki ya yi. Datti ya yarda mu sake karawa a Disamba. Ki tafi da ita ki sake naɗin, ki yi mini guda biyu ma, saboda tsaro."

"Yallaɓai, ranar talatin da ɗaya ga wannan watan ake rufe rajista."

"Zariya tana nan baɗi. Yanzu da muka gano kanta za ki tafi ki bar ni da wa? Bari mu gama da Datti tukuna, sai mu duba takardarki."

Ya miƙo mata motar, har yanzu da ɗuminta. A nan ta fahimci abin da ya kamata ta fahimta tun watan jiya. Da motar ta ci, da ya fi riƙe takardar, domin ba mai sakin wanda ke ciyo masa kofi. Ta dubi mutumin da aka damƙa wa sashe guda na aikin ƙasa, da man taya a hannun rigarsa, ta ji ko haushinsa ba ta iya ji sosai. Ta karɓi motar, ta ajiye ta a kan kujerar da ke kusa, ta ce, "A huta lafiya, ranka ya daɗe."

A motar Uthman suka hau titin Kubwa. Cunkoson yamma ya tsayar da su, aka fara kiran magariba, Uthman ya gangara gefen wani masallaci na bakin hanya. Da suka idar suka dawo mota, bai tayar ba, ya riƙe sitiyari yana duban gaba.

"Aikin tarayya ne fa, Rekiya. Mutane na shekara goma suna nema. In kin haƙura zuwa Disamba, wataƙila ya sa hannun."

"Ba zai sa ba."

"To, yaya za a yi?"

Ta ɗaura bel ɗinta, ta gyara jakar kayan aikin a ƙafarta.

"Ranar Litinin zan kai takardar ajiye aiki," ta ce. "Ranar Laraba zan tafi Zariya."