Murfi Mai Kunne Huɗu

Pyo Sang-cheol ya cusa hannu cikin kabeji yana shafa jan barkono ganye bayan ganye, safar roba har gwiwar hannu. Duk Nuwamba kamfaninsu na robobin abinci yakan rufe ofis yini guda, ma'aikata su hallara a filin unguwa a birnin Cheongju su haɗa kimchin hunturu, wato kabejin da ake cuɗawa da barkono a ajiye ya yi tsami, a raba wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Bana ne zuwansa na farko. Shekarun baya yakan ce aiki ya yi masa yawa.

Yanzu aikin ne ke neman ƙarewa. Babban kanti ya ce zai daina karɓar sabuwar robarsu a ƙarshen wata, don ba a saye. Sashen Pyo ne ya fito da ita: murfi mai kunne huɗu, kowanne sai an danna ya kama, ko wari ba ya fita. Idan ta faɗi, za a rufe sashen. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, bara a irin robar aka raba kimchin, aka koma aka tambayi tsofaffin, kowa ya ce ta yi kyau.

"Manaja, kabeji ne fa, ba bango ba," in ji matar da ke gefensa. "Rage fentin."

Da la'asar aka ba shi roba ɗaya ya kai wa Kaka Yeom, a saman wani tsohon bene. Ta sa shi ya zauna, ta sa shi ya buɗe murfin, ta yago ganye ta ɗanɗana.

"Ya yi kyau," ta ce. Sannan ta miƙa hannu ta jawo gishiri.

Pyo ya bi hannun da kallo. A nan ya hango robar bara a baranda. Ya taso ya duƙa a gabanta. An yanke kunne biyu. An huda tsakiyar murfin, an toshe ramin da guntun siririyar sandar da suke cin abinci da ita.

"Kaka, wa ya yi mata wannan?"

"Mai gyaran takalma na ƙasa. Duk layin nan shi ya yi mana."

"Saboda me?"

Ta ɗaga masa yatsunta, duk gaɓoɓin a kumbure. "Da waɗannan zan ɓalle kunne huɗu? Kuma kimchi numfashi yake yi, ɗana. Ku masu firjin kimchi ba ruwanku. Ni a baranda nake ajiyewa. Rana ta ɗan fito, murfi ya kumbura, na sa cokali na banƙare." Ta nuna sama. Akwai wani jan tabo a rufin ɗakin, ya koɗe amma bai fita ba.

Pyo ya daɗe yana kallon tabon. Ya zare sandar, ya mayar, ya sake zarewa.

"An zo an tambaye ku ai. Kuka ce ta yi kyau."

"Yarinya ta hawo benen nan tana haki, kyauta kuka ba ni, ta ce yaya robar. Me zan ce mata?" Ta barbaɗa gishirin tana juyawa. "Surukata ce dai ta so sayen guda uku a kanti. Na ce kada ta kuskura. Duk mun faɗa wa namu."

"Duk layin?"

"Har masu zuwa gidan wanka na kasuwa sun ji."

Ya juya murfin a hannunsa. "Kaka, ki ba ni wannan in tafi da ita. Akwai waɗanda zan nuna wa ranar Litinin."

"Kai, ka iya ciniki. Ka ɗauke mai aiki ka bar mini mai cizo?" Ta jawo aljihun tebur ta miƙa masa wuƙa. "Gyara sabuwar tukuna."

Ya zauna a ƙasa, ya dafe murfin da gwiwa. Robar ta yi tauri, kamar yadda shi da kansa ya nace a yi ta. Sai da ya yi gumi kafin kunne na biyu ya faɗi. Ta ɗora ƙusa a wuta, ya huda tsakiya.

Kaka Yeom ta karɓa. Ta rufe, ta buɗe da yatsa biyu, ta sake rufewa.

"Ta yi kyau," ta ce.

Pyo bai tashi ba. Ya rungume tsohuwar robar, ya zuba wa hannunta ido, yana jiran ya ga ko zai sake miƙawa wani wuri, kamar yadda ya miƙa wajen gishiri ɗazu.