Babban Yatsan Rosli

Wata goma sha huɗu ke nan Rosli yana yawo da inji a ƙirji. Zuciyarsa ta gaji, likitoci suka sa masa ɗan famfo mai tura jini, igiyarsa ta ɓullo ta gefen ciki zuwa batura biyu da yake ratayawa a jaka. Sunansa na cikin jerin masu jiran dashen zuciya a Kuala Lumpur. Sista Vimala, mai kula da jerin, ta ja masa kunne a kan abu biyu: kada ya kashe waya, kuma duk zazzaɓi ko kumburi ya faɗa, don ba a yi wa mai ƙwayar cuta a jiki dashe. Rosli kuwa gwanin jin rabin magana ne. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne in ya faɗa, a goge sunansa.

Ranar Laraba ya tashi da babban yatsan ƙafar dama ja wur, ya kumbura suntum, ko zanen gado ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Ya rasa gane kan abin. Zuciya ce ba lafiya, me ya kai ciwo ƙafa? Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya zura safa a wannan zafi na garinsu Ipoh, ya yi sallar asuba a kujera.

"Abang, yaushe ka tsufa haka?" in ji matarsa Rohaya, da sunan da matan ƙasar ke kiran miji.

"Gwiwa ce."

"Gwiwa ce ke sa safa?"

Da hantsi waya ta yi ƙara, ya ga sunan Sista Vimala. Wa ya gaya mata? Rohaya? Ko injin ne ke kai gulmarsa? Ya kashe wayar, ya sulale ya tari tasi zuwa shagon tsoho Teoh, mai maganin gargajiyar Sin, wanda ba ya tambayar suna, wuyan hannu kawai yake riƙewa.

Teoh ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na dama, ya jira. Ya koma hannun hagu. Ya cire tabarau ya goge, sai ka ce da ido ake jin jijiya.

"Malam, jijiyarka ba ta harbawa."

"Na sani. Yatsa na kawo."

"Ka sani?"

"Inji ne. Ba ya bugawa, gudu kawai yake. Ka ba ni na kumburi."

Tsohon ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ja baya da sauri.

"Shekara arba'in ina sana'ar nan, masu irin hannunka a kwance nake ganinsu, kuma ba sa magana. Yatsan dai ciwon gaɓar nan ne da ake kira gawut, ko makaho ya shafa ya sani. Amma me zan jiƙa wa mutumin da ke kuka kamar firji? Koma wurin waɗanda suka haɗa ka."

Rosli ya fito ya fi da rikicewa. Gawut ƙwayar cuta ce ko ba ita ba ce? Ya zauna a shagon shayi yana juya tambayar har shayi uku suka huce a gabansa.

Bayan la'asar ya ɗingiso gida. Rohaya na bakin ƙofa, ido jajur, jakar asibitinsa a gefenta.

"Sau tara Sista Vimala ta kira ni. Na zaga masallaci, na zaga kasuwa. Ina ka shiga?"

Ya kunna wayar, ya kira ta.

"Sista, zan faɗi gaskiya. Yatsana ne, wai gawut."



"Gawut? Ba ƙwayar cuta ba ce, maganin sa fitsarin da muke ba ka ne ke tayar da shi, Malam Rosli. Da mun duba mun wuce. Zuciya aka samu da safe, daidai da jininka. Mun jira ka har azahar."

"To yanzu tana ina?"

"Tana ƙirjin wani."

Ya zauna a dokin ƙofa, injin na ta ƙugi a ƙirjinsa. Rohaya ta durƙusa tana kuka, ta zare masa safar a hankali don kada ta fama yatsan.