Mazan Sahura Uku a Rajista

Wata takwas Bushira ta yi tana kwafe tsofaffin rajistocin ƙidayar mutanen ƙasar Tibiri cikin kwamfutarta: suna, ƙauye, sana'a, daga 1958 zuwa 1988. Kwamfutar kan nemo sunan mutum a rajista ta gaba, ta duba ko ya sauya sana'a. Wanda ba a sake ganin sunansa ba, sai Bushira ta jefa shi layin matattu. Sakamako ya fito fes: cikin mutum ɗari, casa'in da shida sun mutu a sana'ar da suka fara. Ranar Alhamis za ta miƙa kundin a jami'a a Yamai, kuma digirinta a kansa ya rataya.

Ta biya Gecheme don ta yi wa kakarta Sahura sallama. Farin ciki bai bar ta ta yi shiru ba. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma, tana karanta wa tsohuwa mutanen unguwarsu, tsohuwa na ɓarar gyaɗa.

"Jibo Mairijiya, mai haƙar rijiya. Bayan 1965 babu shi, ya rasu."

"Uhm," in ji Sahura.

"Jibo Tela. Shi ma bai kai 1977 ba."

Tsohuwa ta daina ɓara. Ita dai tun da aka kai ta ɗaki sunan mijinta bai taɓa fita bakinta ba, ba kuwa yau za ta fara ba saboda wata na'ura.

"Sai Alhaji Maigoro, kakanmu."

"Ke ɗiyar makarantar lakwal, don mi kika kashe mutane haka? Na farin nan, rijiya ta ruhta mishi, ƙahwa ta karye, yas sai keken ɗumki. Da ido ya raunana yak koma goro. In mutum ya sake aiki, ai gari sake mai suna ya kai."

Bushira ta jawo kwamfutar gabanta. Ashe waɗanda ba su motsa ba kaɗai kwamfutar ke ganewa, duk wanda ya sauya sana'a ita da hannunta ta binne shi da rai. Ta duba layin matattun nan: mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Kunya ta kama ta, miƙa kundi ranar Alhamis kuwa ta san ya wuce ta.

"Kaka, kin tabbata mutum guda ne?"

Sahura ta tura mata kwanon gyaɗa.

"Ke kib ba ni maza ukku. Ni dai takaba guda niy yi."